Zanen da ke Fuskar Alheri

A shekarar da labari ya iso ƙasar Dutse cewa Nasara sun jawo jirgin ƙasa har Kano, matar Falalu ta haifi namiji, kuma tun ba a binne mabiyiya ba aka fara maganar zanen da za a yi wa yaron a fuska. A wancan zamani ba ƙaramar magana ba ce. Mutum yakan shigo kasuwar Kiyawa bai buɗe baki ba, a dubi kumatunsa a san garinsu, a san sana'ar gidansu, a san ko ɗa ne ko bawa, har a san irin gaisuwar da ta dace da shi.

Falalu bacucane ne, wato a cikin bauta aka haife shi, a gidan Malam Gwadabe na Takur, ƙauyen nan da ke kwance a gindin duwatsu cikin itatuwan dabino. Ran sunansa aka yi masa tsaga uku-uku a gefen baki, irin wadda gidan ke yi wa 'ya'yan bayinsa, haka kuma aka yi wa 'yarsa ta fari. Bara ne ya je gaban alƙali a Garu ya fanshi kansa da iyalinsa, tun da zuwan Nasara ya buɗe wannan ƙofa. Alƙali ya ce daga yau shi ɗa ne. To, amma alƙali ba ya goge fuska, Falalu ya dawo gida da uku-ukunsa kamar yadda ya tafi da su. Bai bar Takur ba, bai ma bar gidan ba. Ya dai huda ƙofa a dangar sashensu don ya daina bi ta zauren Malam, ya ci gaba da noman gonar da ya saba nomawa. Samari suna tsokanarsa cewa duk 'yancin nasa bai wuce faɗin ƙofar kara ba.

Uku-uku dai an gama da ita, wannan ko ba a faɗa ba. Malam ya aiko uwargidansa ta ce in ana so a yi wa yaron zanen gidan Malam, ya yarda, ai duk ɗaya ne. Kirki ne ya sa shi, kowa ya sani. Falalu ya yi godiya har ƙasa, da ta fita ya ce wa uwarsa, "A yi masa zanensu, gobe ya girma a tambaye shi ɗan wane ne cikin 'ya'yan Malam, ya ce me? Ya nuna ni?"

Uwar tasa ita ce Alheri. Ta haura sittin, gajera ce, ƙashinta ƙwarai, bakinta kuma ba ya ajiye magana sai wadda ta ga dama. Ita ba ta je gaban alƙali ba. Ta ce tsohuwar da haƙoranta ba su kai na ɗan akuya yawa ba, wa zai saye ta balle a ce an fanshe ta. Tana ƙarama ƙwarai aka kamo ta daga tsaunukan kudu, can bayan Birnin Kudu, a wani hari da ba ta san wanda ya kai shi ba. Sunan da uwarta ta sa mata ya ɓace mata, harshensu ya ɓace mata. Alheri kuwa suna ne da Inna Mu'minatu, mahaifiyar Malam Gwadabe, ta laƙaba mata ranar da aka kawo ta gidan, irin sunan da ake sa wa bayi.

A gidan nan ta zama mutane iri-iri. Ta yi zamanin 'yar aike, wadda ake turawa rijiya da tulun da ya fi ƙarfinta. Ta zama mai daka da niƙa, har tafin hannunta ya yi kanta. Aka haɗa ta da Sale, wani bawan gidan mai sanyin hali, ta zama matar Sale, ta haifi huɗu, ta binne uku, ta binne Sale. Daga baya hannunta ya faɗa a kan karɓar haihuwa, ta zama ungozomar Takur, matan da iyayensu suka aike ta da tsawa suka koma suna durƙusa mata suna cewa Iya. Duk waɗannan ta ɗauke su kamar zannuwan aro, a ba ka wannan yau, gobe a karɓa a ba ka wani. Abin da ta riƙe a matsayin nata na kanta ɗaya ne, zanen da ke fuskarta: 'yan gajerun tsaga a jere a kowane gefen ido, da wata doguwa guda da ta sauko daga karan hanci ta ratsa kuncin hagu. Ba mai irinsa a Takur, ba ta kuma taɓa ganin mai irinsa a kasuwa ba, ko da yake ta shekara da shekaru tana leƙen fuskokin baƙi.

Tare da zanen akwai abin da take tunawa, shi kaɗai ya rage mata daga can. Tana kwance a cinyar wata mace, hannu mai ɗumi ya tallafe mata kai, ana jin ƙanshin hayaƙi, wani abu mai kaifi yana bin fuskarta, matar tana rera wata 'yar waƙa ƙasa-ƙasa tana girgiza ta. Fuskar matar ba ta zuwa mata, amma Alheri ta san uwarta ce. Duk ranar da Inna Mu'minatu ta kwaɗe ta da muciya, ko ta hana ta tuwo saboda ta fasa ƙwarya, can take gudu a cikin ranta, ta kwanta a cinyar nan, ta bi doguwar tsagar da yatsa har barci ya ɗauke ta. Ba ta taɓa gaya wa kowa ba, ko Sale. Wa yake tambayar baiwa abin da take tunawa?

Don haka da Falalu ya yi tambayarsa, sai ta ce, "Ga nawa. A yi masa nawa."

Falalu ya dubi fuskar uwarsa kamar yau ya fara ganinta. A al'ada zanen uba ake yi wa ɗa, amma na uba ai shi ake gudu. Ya matso ya ce, "Iya, na mutanenku ne?"

"Uwata ce ta riƙe ni aka yi shi."

Yadda maganar nan ta shige shi, sai wanda ya gani. Mutumin da bai san kowa nasa ba bayan dangar gidan Malam, yau an ce masa yana da kakanni a kan tsauni, masu zanensu, waɗanda ba su taɓa durƙusa wa kowa ba. Kafin rana ta faɗi ya gaya wa Rakiya matarsa, ya gaya wa masu zaman gindin tsamiya, ya gaya wa mai sayar masa da goro. Falalu dama in abu ya yi masa daɗi ba ya iya cinsa shi kaɗai. Har ya fara ƙara gishiri, wai an ce mutanen uwarsa maharba ne. Alheri ta ji, ta yi murmushi ta ƙyale shi, don ita ma abin ya yi mata daɗi.

Ran kwana uku Jaji wanzami ya zo cire wa jariri hakin wuya. Jaji ya gaji aska ne daga ubansa, shi ma uban daga nasa uban, kuma rabin fuskokin Takur aikin gidansu ne. Da ya gama, yaro ya yi kukansa ya koma nono, Alheri ta kira shi gefe, wajen turmi inda haske yake, ta zauna ta ɗaga masa fuska.

"Duba da kyau, ka riƙe shi a ka. Shi za ka yi masa ran suna. Kada ka ƙara, kada ka rage."

Jaji ya rataye zabirarsa ya yi dariya. "Haba Iya, wannan ai ko a duhu na yi shi. Hannun Baba ne."

"Wane Baban?"

"Babana mana, Allah ya jiƙansa. Bahago ne, kin manta? Dubi doguwar nan, daga hanci ya jawo ta, ƙarshenta ya ɗan lanƙwashe sama. Mai hannun dama ba ya ƙarasa tsaga haka. Je ki dubi billen Malam, ki dubi na kowa da ya girme ni a garin nan, duk da wannan 'yar wutsiyar suke."

Alheri ta ce, "Ka yi kuskure. Da shi na zo."

Sai a nan Jaji ya lura cewa ba wasa take yi ba. Dariyar ta tafi. Ya tsuguna, ya sa babban yatsa ya miƙar da fatar gefen idonta da tsufa ya tattare, ya daɗe yana dubawa, kamar mai neman abin da zai ƙaryata shi.

"Iya, waɗannan ƙananan tsagar ciwon ido ce, irin wadda muke yi wa yaro in idonsa ya kumbura. Ba zanen gari ba ne. Ni na daɗe ina ganinsu, na zaci kin sani."

"Ina tuna ranar da aka yi shi," in ji ta. "Uwata ce ta riƙe ni."

Ya ce a hankali, "Wa yake tuna askar ran sunansa, Iya?"

Tana da amsar wannan, tun tana budurwa ta tanade ta: mutanensu sai yaro ya yi wayo suke yi masa. Ta buɗe baki za ta faɗa, sai ta ji amsar ba ta da nauyi. Wa ya gaya mata haka? Ba kowa. Ita ta gaya wa kanta.

Jaji ya miƙe, ya kakkaɓe gwiwa, ya dubi ƙofar ɗakin mai jego ya rage murya. "Ni dai wanzami ne, abin da aka ce in yi shi zan yi. Bakina kuma ba ya shiga abin da ba a tambaye shi ba. In kin ce na kudu ne, na kudu ne."

Mutum ɗaya ne ya rage a duniya da zai iya sani. Bayan la'asar ta yafa mayafi ta zaga ta zauren da ɗanta ya daina bi. Malam Gwadabe ya girme ta da 'yan shekaru, idonsa ya yi rauni, yanzu ba ya karantarwa sai dai manyan ɗalibai su zo su karanta yana gyara musu da ka. Ta tarar da shi shi kaɗai a kan buzu yana jan carbi. Ta durƙusa daga bakin ƙofa.

"Allah gafarta Malam."

"Alheri ce? Ina mai jego, ina baƙonmu?"

Suka gaisa yadda ya kamata. Sa'an nan ta ce, "Malam, tambaya na zo yi. Ranar da aka kawo ni gidan nan, da zane a fuskata?"

Ya tsayar da carbin. Sa'an nan ya ce, "Babu. Fuskarki sumul take. Ina tunawa, don mu yara mun yi ta kallonki muna cewa ga wadda ba ta da gari."

"To, wannan fa?"

"Ai ciwo kika yi. Ba ki daɗe da zuwa ba kika ƙi cin abinci, idonki ya kumbura ya rufe, kika rame har ana ƙirga haƙarƙarinki. Baba ya ce a mayar da ke wa wanda ya kawo ki tun ba ki mutu a hannunmu ba. Inna ta ce ba inda za a kai ki. Ta aika aka kira wanzami bahagon nan ya yi miki tsagar ido. Doguwar kuwa ita ta ce a ƙara. Kin san Inna ta binne 'ya'ya mata har uku kafin ki zo. Tsofaffi suka ce mata in aka ɓata fuskar yaro, abin da ke kiransa ba ya gane shi. Baba ya yi faɗa, ya ce wannan ba ya cikin littafi, amma Inna in ta kafe ai kin san ta."

"Wa ya riƙe ni?"

"Ita mana. A cinyarta, a bakin murhu. Har tana yi miki waƙar nan da take yi mana." Ya ɗan gyara murya, ya rera kaɗan da muryar tsufa mai rawa, ya tsaya ya yi istigfari, don bai dace malami ya yi waƙa a zaure ba. "Me ya tuno miki da wannan?"

"Ba komai, Malam. Na gode."

Waƙar ce. Ba ta da ko shakka.

Ta koma ta hura wutar ruwan wanka, don jego ba ya jiran baƙin cikin kowa. Ta tafasa ruwa, ta tsoma ganyen runhu, ta yi ta fyaɗa wa Rakiya har Rakiya ta ce, "Iya, yau hannunki da zafi." Ta dama kunun kanwa, ta gasa wa jariri cibiya. Hannuwanta suna aikinsu, ita kuwa tana wani wuri.

Abin da ta fara ji fushi ne, ba baƙin ciki ba. An ɗauke mata gari, an ɗauke mata suna da harshe, ta haƙura, don ta ɗauka akwai ɗan abin da ta ɓoye wanda hannunsu bai kai gare shi ba. Ashe shi ma nasu ne. Inna Mu'minatu ba mace ce mai sauƙi ba. Ta zage ta, ta doke ta, ta sa ta niƙa da tsohon ciki, ranar da ɗanta na biyu ya mutu ma ta ce kuka ya isa haka, a tashi a ɗora tukunya. Shekara da shekaru Alheri tana gudu daga hannun matar nan, ashe cinyarta take faɗawa. Ta yi ƙoƙarin ta ciro Inna daga cikin tunanin, ta mayar da uwarta, abin ya ƙi. Fuskar da ba ta taɓa zuwa ba yanzu ta zo, da ɗankwalinta na saƙi da jan goro a haƙori, ta zauna daram.

Da fushin ya ɗan lafa, sai wani abu ya biyo, wanda ya fi shi wuyar haɗiya. Hannun nan da ya tallafe mata kai, ɗuminsa ba ƙarya ba ne, ta ji shi. Matar da ta ce ba inda za a kai ta, ita ce dai matar muciya. Ko don kada dukiyarta ta salwanta ta yi, ko don 'ya'yanta da ta binne, Alheri ba ta sani ba, kuma mai yiwuwa ita Innar ma ba ta sani ba. Ta tuna ita ce ta yi jinyar Inna a ƙarshe, ita ta riƙa juya ta, tana ba ta kunu da ludayi, tana tallafe mata kai. A lokacin ta ce wa kanta aikin baiwa take yi. Yanzu ba ta da tabbas.

Uwarta ta gaskiya kuwa, wannan ce ranar da ta rasa ta. Ta yi mata kuka a bayan rumbu, kukan da ya makara da fiye da shekara hamsin, ba ta ma san wa take yi wa ba.

Saura Falalu. Jaji ya riga ya ba ta hanya, Malam kuma bai san abin da ake ciki ba, idonsa ma ba zai ga fuskar jaririn ba. In ta yi shiru, ran suna za a yi tsaga, yaro ya tashi yana cewa kakanninsa maharba ne a tsaunukan kudu, ba wanda zai cutu. Ta kwana biyu tana juya wannan. Har ta kusa yarda, don ƙaryar mai kyau ce, ta kuma san daɗinta fiye da kowa, tun da da ita ta rayu. Abin da ya hana ta shi ne Jaji yana da 'ya'ya, su ma suna koyon aska, suna kuma koyon gane hannun kakansu. Wata rana yaron nan zai zauna a gaban ɗaya daga cikinsu, da gemunsa da girmansa, a gaya masa cikin dariya. Ta san yadda abin yake sauka a kan mutum, ba ta so ya sauka a kan wani.

Ana gobe suna, da hantsi, ta bi Falalu gona. Gero ya nuna, Falalu yana ta yankan kawunansa yana tarawa. Da ya hango ta ya yar da magirbi ya taho, yana tsammanin wani abu ya sami yaron.

"Lafiya lau suke. Zauna."

Suka zauna a inuwar gawo. Ta gaya masa duka, ba ta rage ba: bahagon wanzami, ciwon ido, cinyar Inna. Ba ta dube shi ba sai da ta gama.

Falalu ya daɗe yana tona ƙasa da ɗan kara. "Wato shi ma na gidan ne."

"A gidan aka yi shi."

"Na gaya wa duk gari, Iya."

"Na sani. Ni na sa ka. Ban yi maka ƙarya da gangan ba, ni ma haka na sani."

"To mu su wane ne ke nan?" Ya yar da karan. "Kowa a garin nan in ya juya baya yana ganin wani. Ni in na juya, dangar Malam nake gani."

Alheri ta ce, "Ni ma na tambayi kaina. Abin da na samu ba shi da yawa. Na yi 'yar aike da fuskar nan, na yi aure da ita, na haife ku da ita, da ita na karɓi haihuwar rabin garin nan. Wanda ya tsaga ta ya mutu, wadda ta sa aka tsaga ta mutu, ni nake wanke ta kullum da asuba. Ban san ko hakan ya mayar da ita tawa ba. Amma ba ni da mutanen da zan ba ɗanka, wannan kam na sani. Na janye maganata. Ɗanka ne, in ka ga dama ka karɓi na Malam, in ka ga dama ka bar shi haka."

Ya tashi ya ɗauki magirbinsa ya koma cikin gero. Ta ɗan zauna ko zai waiwayo, bai waiwayo ba, ta kama hanyar gida. A ranta ta riga ta sallama. Ta zo duniya ba ta san daga wa ba, za ta bar ta ba ta bar wa kowa komai ba, in ban da ɗa mai jin haushinta. Ranar bai ci tuwonta ba.

Washegari da sassafe maza suka taru a ƙofar gida. Aka raba goro, Malam ya yi addu'a, aka raɗa wa yaro Sharhabilu, aka yanka rago. Da rana ta ɗan ɗaga, Jaji ya shigo cikin gida ya shimfiɗa tabarmarsa, ya buɗe zabira. Mata suka kewaye shi, 'yan gida da maƙwabta da baƙin da suka zo daga Kiyawa. A al'ada tsohuwa ce ke riƙe jariri, don haka aka miƙo wa Alheri. Ta zauna ta miƙe ƙafa, ta kwantar da shi a cinya, ta tallafe masa kai.

Jaji ya jiƙa gashin ya aske shi tas. Ya goge aska, ya ɗauko ƙaramar, ta tsaga. Ya dubi Alheri, ta sunkuyar da kai. Sai ya ɗaga murya wajen ƙofar kara, inda Falalu yake tsaye, ya juya wa mata baya saboda kunya.

"Maigida, wanne za a yi?"

Uwargidan Malam ta gyara zama, tana jiran a ce nasu. Falalu ya shigo, abin da uba ba ya yi, ya tsaya a kansu. Ya dubi ɗansa, ya dubi uwarsa, ya daɗe a kan uwar.

"Ka dubi fuskar wadda ke riƙe da shi, ka yi masa irinta."

Jaji ya ce, "Har doguwar?"

"Har ita. Kada ka rage komai."

Alheri ba ta ɗago ba, don ba ta amince da idonta ba. Ta ƙara riƙe kan yaron. Aska ta bi gefen ido, ta bi ɗaya gefen, ta sauko daga karan hanci ta ratsa kunci. Sharhabilu ya tsala kuka iya ƙarfinsa, Jaji ya share jinin ya shafa baƙin tukunya a kan tsagar. Shi mai hannun dama ne, amma da ya zo ƙarshen doguwar sai da ya karkata wuyan hannu ya lanƙwasa ta sama.

Wata baƙuwa daga Kiyawa, wadda labarin maharba ya riga ya iske, ta leƙo ta dubi jaririn, ta dubi tsohuwar, ta ce, "Ikon Allah. Wannan shi ne zanen mutanen kudun da ake faɗa?"

Falalu ya ce, "A'a. Ba na kudu ba ne."

"To na ina ne?"

"Namu ne," in ji shi. "Daga Iya aka fara."